Allon da Na Gyara wa Mai Gurmi

Na san shi ne a ƙofar wani rukunin gidaje a Al Thumama, ranar da aka aike ni kai lasifikoki. Aikina a Doha haɗa sauti ne. In an kama zaure don taro ko walima, ni ke jan wayoyi, in kafa makirufo, in zauna bayan na'ura har a watse. Shi kuma mai gadi ne. Ya karɓi takardar shigata ta tagar mota, ya dube ta, ya dube ni, sai ya tambaye ni da Hausa ko ni ɗan ina ne. Na ce Zariya. Ya ce shi mutumin Funtuwa ne, ashe ma maƙwabta ne mu, in na sauke kaya in tsaya in sha shayi.

Ya ba ni shekara goma sha biyar ko fi, saboda haka Yaya nake ce masa tun daga ranar. Dogo ne, mai sanyin magana, kakinsa kullum a goge. Ɗakin gadin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba: kujera, butar dafa shayi, allon kyamarori, da wata 'yar durowa. A bayan durowar na hango wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Da na tambaya sai ya warware. Gurmi ne, ƙoƙonsa ya yi baƙi don shan hannu.

"Shekara ashirin ina cin abinci da shi," in ji shi. "Da 'yan amshi uku da mai buga ƙwarya. Sai masu kwamfuta irinku suka zo, gidan biki ya daina nemanmu."

Bai faɗa da zafi ba. Na ce masa to kwamfutar da ta kore shi za ta iya mayar masa da 'yan amshinsa. Ya yi dariya, ya ce in sha shayina kada ya huce.

Abin da nake nufi wata manhaja ce da nake wasa da ita a kwamfutata. Aikinta maimaita sauti. Za ka yi kiɗa na ɗan lokaci, ta ɗauka, ta riƙa juya shi ba tsayawa. Ka ɗora wani a kai, ta ɗauke shi shi ma, su riƙa tafiya tare. Kowane sauti da layinsa a kan allo. Mutum ɗaya sai ya zama makaɗi, ya zama mawaƙi, ya zama 'yan amshin kansa. Juma'a ce ranar hutunmu mu biyu. Ana idar da salla sai ya hau bas zuwa tasha, ya shigo jirgin Metro, in tarye shi a tashar Mushairib, mu taka zuwa tsohon benen da nake kwana a bayan sababbin gine-ginen. Abokan ɗakina ba sa wuni a gida ranar Juma'a. Sai mu rufe taga, mu kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda ƙararta na shiga makirufo, mu yi ta zufa muna kiɗa har la'asar ta yi sanyi.

Ranar farko da ya ji muryarsa tana amsa masa waƙa, ya kwantar da gurmin a cinya ya saurara har ta zagayo sau biyar ko shida. Sannan ya ce, "Wannan ɗan amshin ba ya makara, ba ya kuma tambayar ko an kawo tuwo."

Yadda manhajar ta zo, allonta a cushe yake. Layuka takwas ne a jere, sirara, duk ruwan toka, kowanne da ƙananan maɓallai a gefe: na ɗauka, na tsayarwa, na kashe murya, na komawa baya, na gogewa. Ga ma'aunai suna hawa da sauka, ga rubutun Turanci mitsi-mitsi kamar tururuwa. Ni na saba da shi. Shi kuwa hannayensa biyu na kan gurmi, don haka na samo masa abin takawa mai maɓalli huɗu, ya riƙa ba da umarni da ƙafa. Amma duk da haka sai ya kalli allo kafin ya san layin da yake kai, da inda zagayen ya iso, don ya shiga a kan gaɓa.

Abin da ya sa nake son manhajar nan shi ne tana barin mutum ya sake mata fasali. Kana iya ɓoye abin da ba ka so, ka ƙara girman abin da kake so, ka ja shi inda ka ga dama. Na fara da abin da kowa zai yi. Na rage layukan zuwa shida, na ba kowanne launinsa, na rubuta musu suna da Hausa: gurmi, ƙwarya, tafi, murya, amshi, da ɗaya na ko-ta-kwana. Manhajar ba ta san ƙa mai lanƙwasa ba, sai ta nuna ɗan akwati a wurinsa, dole na rubuta "kwarya". Yaya ya ce ba komai, ai ƙwaryar ba ta iya karatu ba. Na adana tsarin da sunan "Yaya 1".

Wata biyu muka yi a haka lafiya. Sai ya fara ɗora amshi a layin da ba nasa ba. Layin amshi yana can ƙasa, kuma sau uku a wuni ɗaya ya taka kafin ya isa kansa. Na ɗauka ƙafarsa ce ba ta saba ba. Sai wata Juma'a muka samu kiɗan da ba mu taɓa samun irinsa ba, gurmin ya zauna daram a kan ƙwarya, ya miƙa hannu zai tsayar da shi a kwamfutar, ya danna na gogewa. Komai ya tafi. Ya zauna yana kallon allon.

"Ban gan shi ba," ya ce. "Wallahi ban ga akwai wani abu a wurin ba."

Na ce laifin masu manhajar ne da suka sa maɓallin gogewa kusa da na tsayarwa. Na cire shi gaba ɗaya daga allon, na mayar da shi can cikin wani lungu da sai ni kaɗai zan iya kai wa. Na rage layukan zuwa biyar, na ƙara musu kauri. Alamar da ke nuna inda zagaye ya iso tana can saman kusurwar dama, wani ɗan zobe mai cika a hankali. Na ga ba ya kallonta sam, na jawo ta tsakiya. Wannan shi ne "Yaya 2".

Daga nan na fara lura da abubuwan da da ban kula da su ba. In zai duba gefen allo, ba idonsa yake juyawa ba, kansa gaba ɗaya yake juyawa. A tashar Mushairib, in na tsaya ta gefe ina ɗaga masa hannu, sai ya wuce ni da taki biyu, sai na kira shi. Rannan ya bangaji wata mata mai tura keken jariri, ya yi ta ba ta haƙuri da ɗan Larabcinsa. Kofin shayi in na ajiye masa a gefe, sai ya laluba.

Bayan wata huɗu, ina cikin mayar da bangon allon baƙi ƙirin don launukan su fito, na ce masa ba tare da na dube shi ba, "Yaya, idonka."

"Me ya samu idona?"

"Ba ka ganin gefe."

Ya ɗan ja tsirkiyar gurmin ya sake ta. Ya ce, "Ina ganin abin da ke gabana tar. Lambar mota daga nesa nake karanta ta."

"Mu je asibiti a duba. Kana da kati."

"Katin nan a hannun wa yake ƙarewa? Duk abin da aka rubuta a kansa, kamfani sai ya gani. Mai gadin da ba ya ganin gefe, kai za ka bar shi a ƙofarka?" Ya ƙara da cewa, "'Yan matana huɗu na makaranta. Babbar saura shekara biyu ta gama. In ta gama, ni da kaina zan kai kaina asibitin. Kai dai gyara min allon."

Na gyara masa allon. Wannan shi ne abin da na yi, kuma shi na ci gaba da yi. Ban sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya, ita ma sama-sama, ya share, ni ma na bar ta. Na gaya wa kaina babba ne, ya fi ni sanin halin da yake ciki. Gaskiyar ita ce gyaran allon ya fi min sauƙi, kuma ina jin daɗinsa. Duk abin da idonsa ya rasa, sai in zauna a cikin mako in nemo masa dabara. Na cire ma'aunai. Na cire rubutun Turancin kaf. Na bar dogayen layuka na koma manyan da'irori. Na haɗe tafi da ƙwarya a wuri ɗaya. Da ya daina bambance shuɗi da kore a kan baƙi, na watsar da shuɗi. Da ya ce sunayen na haɗe masa, na bar harafi ɗaya tak a cikin kowace da'ira.

Tsari na bakwai shi ne na ƙarshe. Da'irori huɗu ne manya, a dunƙule a tsakiyar allo kamar ƙwai a faranti: fari, ruwan ɗorawa, kore, da ruwan lemo. Wadda yake kai tana da farin zobe mai kauri da ke zagaya ta. In ya taka ɗauka, tsakiyar allon gaba ɗaya sai ta yi ja. Gefe da gefe babu komai, baƙi kawai. Da wannan tsarin bai ƙara kuskure ba ko sau ɗaya. A duk shekarun da na yi ina haɗa sauti ban yi aikin da na yi alfahari da shi kamarsa ba, kuma wannan alfaharin ne ya kai mu inda ya kai mu.

Na tura ɗan guntun kiɗanmu a wani zauren waya na 'yan Arewa mazauna Doha. Kwana biyu sai ga kira daga wani injiniya da ke aiki a harkar gas, mai gida a Al Gharrafa. Ya ce yana tara mutane cin abincin rana washegarin Salla, yana so mu zo mu nishaɗantar da su.

Hausawan Doha kashi biyu ne, kowa ya sani ko da ba a faɗa. Akwai masu shiga da mota a ɗaga musu ƙarfen ƙofa, akwai masu ɗaga ƙarfen. Muna haɗuwa a masallaci, a gaisa da fara'a, a tambayi mutanen gida, sannan kowa ya kama hanyarsa. Yaya bai so zuwa ba. Ya ce kiɗan nan namu ne na Juma'a, a bar shi a ɗaki. Ni na matsa. Na ce shekara nawa rabonsa da ya yi kiɗa a gaban jama'a? Na ce mutanen nan su ma suna kewar gida. Ya ce to, in dai ni zan zauna kusa da shi.

Falon injiniyan ya fi benenmu faɗi. An shimfiɗa ledar cin abinci daga wannan bango zuwa wancan, ga shinkafa da rago, ga waina da miyar taushe da matarsa ta yi. Mutum kusan talatin. Akwai likitoci, akwai malaman jami'a, akwai kuma 'yan tsirarun irinmu a can ƙarshen leda. A cikin waɗannan har da wani ɗan Katsina, shugaban masu gadi a kamfanin da Yaya ke aiki, wanda shi ke raba musu wuraren tsayuwa. Ya gaida Yaya da "Malam, ashe kai ne mawaƙin," Yaya ya ce wasa ne kawai.

Ina cikin haɗa kaya mai gidan ya zo ya tsaya a kaina. Ya ga allon, ya ce wannan wane irin abu ne, bai taɓa ganin manhajar kiɗa haka ba. Na ce ni na tsara. Ya ce ai ya kamata kowa ya gani, ya nuna min talabijin ɗin da ta cinye rabin bango, ya ce akwai waya a bayanta.

Yaya ya ce a hankali, "A bar shi nan gabana, ya isa."

Na ji shi sarai. Na ce, "Ba abin da zai canza, Yaya, naka na nan gabanka." Na jona wayar. Da'irori huɗun nan suka fito a bango, kowacce ta kai faifai, kewaye da baƙi.

Ya yi kiɗa. Ba zan rage masa komai ba: ya yi kiɗan da ya sa masu cin abinci suka tsame hannu. Ya fara da ƙwarya, ya ɗora gurmi, ya yi amshi murya biyu, sannan ya hau kai da waƙar da ya tsara a kan zaman ƙofa da zafin watan bakwai. Wani malamin jami'a ya cire gilashi yana goge ido. Mutane na kallon Yaya, suna kallon bango suna ganin zoben na zagayawa, allon na yin ja yana komawa. Ni kuwa ina gefe kamar ni na haifi kiɗan.

Da aka gama tafi, wani mutum mai furfura a gemu ya taso daga kan kujera. Likitan ido ne, daga baya na sani. Ya tsaya gaban talabijin ɗin hannunsa a baya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni.

"Me ya sa ka tara komai a tsakiya?"

Na ce don ya fi kyau.

"Ka bar gefe baƙi, ka cire shuɗi, ka bar harafi ɗaya ɗaya." Ya juya ga Yaya. "Malam, tun yaushe?"

Yaya ya ce, "Tun yaushe me, ranka ya daɗe?"

Likitan ya durƙusa a gabansa. Ba da mugunta ya yi ba, na sha gaya wa kaina haka. Irin mutanen nan ne da aikinsu ya bi jikinsu, ba sa ganin falo, sai majiyyaci. Ya ce, "Kalli hancina. Kada ka juya kai." Ya miƙa hannunsa can gefe ya ɗaga yatsu biyu. "Yatsu nawa?"

Yaya na kallon hancin likitan, gurmin na cinyarsa.

"Yatsu nawa, Malam?"

"Ban ga hannun ba," in ji Yaya.

Likitan ya matso da hannun a hankali, ya matso, ya matso, sai da ya kusa kunnen kansa sannan Yaya ya ce biyu. Aka yi ɗaya gefen, ya fi muni. Likitan ya miƙe ya ce wannan hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa, lallai ya same shi a asibiti cikin makon nan. Mutane suka shiga cewa Allah ya sawwaƙe, Allah ya kawo sauƙi. Mai gidan ya ce an gode Allah da aka gano. Wani ya tambayi aikin da Yaya yake yi. Ba wanda ya amsa. Na dubi ƙarshen leda, na ga ɗan Katsinan nan ya sunkuyar da kai yana tsince ƙashi daga shinkafarsa.

Wani direba ya rage mana hanya zuwa tasha. A cikin jirgi Yaya ya rungume gurmin a ƙirjinsa. Da muka iso Mushairib, inda zai canza jirgi, na ce ya zo mu je ɗaki ya huta. Ya tsaya, ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni.

"Na ce maka a bar shi gabana."

"Yaya, ban san akwai likitan ido a wurin ba."

"Ba sai ka sani ba. Na ce maka a bar shi."

Ya bi ta matakalar da ke sauka, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen riƙo.

Ya je asibitin, ni na raka shi, ko da yake bai nemi rakiyar ba. Aka ɗiga masa magani, aka sa shi ya leƙa cikin wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Takardar da ta fito da'irori biyu ne, kowacce baƙa ce sai ɗan fari a tsakiya. Likitan ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Da Yaya ya fita karɓar magani, likitan ya tsayar da ni.

"Wata nawa kana rage masa abubuwan nan a allo?"

Na ce goma sha ɗaya.

Ya dube ni, ya ce, "Da a watan farko ka kawo shi, da yanzu wata maganar muke yi." Ya ja takardar majiyyaci na gaba.

Na fito na zauna a kan benci. A kwamfutata akwai tsari bakwai, kowanne da ranar da na adana shi. Duk wanda ya buɗe su a jere zai ga yadda idon mutumin nan ya riƙa rufewa wata bayan wata, dalla-dalla, fiye da yadda na'urar asibitin ta nuna. Ni na auna, ni na rubuta, ban kai wa kowa ba sai falon da bai kamata ba.

Ba a yi mako uku ba kamfaninsu ya kira shi gwajin lafiya, shi kaɗai, ba lokacin gwaji ba. Na je na sami ɗan Katsinan a bakin masallaci. Bai musa ba. Ya ce, "Mutum talatin suka gani. In wani abu ya faru a ƙofar nan, aka ce na sani na yi shiru, ni da wa za a kama? Ni ma ina da iyali." Na ce ko za a mayar da shi wani aikin, ko share-share ne. Ya ce ba shi ke da kamfani ba.

Na kira injiniyan. Ya ce subhanallahi, abin bai yi daɗi ba, zai yi magana da wasu. Na sake kira bayan kwana huɗu, ya ce yana cikin taro. Na uku bai ɗauka ba. A zauren waya aka yi ta turo hoton bidiyon kiɗan ranar, ana sa alamar wuta da ta tafi. Wani ya rubuta cewa irin waɗannan haziƙan ne ya kamata a tallafa wa. Aka sa masa alamar babban yatsa, aka wuce zuwa maganar farashin tikitin jirgi.

Yaya ya daina ɗaukar wayata. Juma'a biyu na je tasha na tsaya, bai zo ba. Ta uku na hau bas na tafi Al Thumama. Wani baƙon mai gadi na tarar a ɗakin, ɗan Nepal, yana cin abinci a roba. Na kwatanta masa wanda nake nema. Ya kaɗa hannu sama kamar jirgi na tashi, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya tafi tun ranar Talata.

Ban buɗe manhajar ba tsawon lokaci. Da na buɗe, don wani aiki ne na ofis, na mayar da ita yadda ta zo, layuka takwas ruwan toka.

Sai bayan wata takwas na same shi a waya. Matarsa ce ta ɗauka, na faɗi ko ni wane ne, sai na ji tana tafiya, na ji ƙarar ƙofar langa-langa, sannan muryarsa. Mun gaisa kamar yadda ake gaisawa. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Na tambayi ido. Ya ce na hagun ya tafi, na daman yana ganin fuskar mutum in ya tsaya daidai gabansa. Maganin ɗigawar ana samu wani lokaci, wani lokaci sai an aika Kaduna. Babbar 'yar ta dakata da karatu, tana koyarwa a wata makarantar unguwa, ƙannen na ci gaba da karatu.

Na ce ina so in aiko masa da kwamfutar da abin takawar, akwai mai zuwa gida ƙarshen wata, tsarinsa na nan yadda ya bar shi.

"Me zan kalla a ciki?" ya ce.

Na ce zan iya sake gyarawa, in mayar da komai ya koma sauti, ta riƙa gaya masa layin da yake kai a kunne.

"Ka iya gyara, wannan na sani." Ya ɗan yi tari. "Ka ji, ƙanena. Ban riƙe ka ba. Ni na ce kada a je asibiti, ba kai ba. Amma ka bar kiran nan tukuna. In na ji muryarka falon nan nake gani."

Na ce to. Ya ce in gaida mutanen Doha. Ban sake kira ba, shi ma bai kira ba.

Da Sallar bana ta matso, injiniyan ya kira ni. Ya ce mutane har yanzu suna maganar kiɗan bara, ya tambayi lafiyar "mutumin nan namu mai molo". Na ce gurmi ne, kuma yana gida. Ya ce Allah sarki, to ko na san wani makaɗin da zai zo bana? Na san biyu. Ɗaya direban bas ne mai busa sarewa, ɗaya yana wankin motoci a Al Gharrafa, bai fi tafiyar minti goma da gidan injiniyan ba, kuma hannunsa a kalangu ba dama. Na ce masa ban san kowa ba.